Batirin Motata Da Bankwanan Surukina

Tun da na dawo daga rakiyar surukina, duk wanda ya gamu da ni a ɗakin malamai sai ya ce, "Malam Isiyaku, wai da gaske ne shanu suka ja motarka?" Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kuma na lura duk wanda ya karɓa sai ya ƙara masa gishiri, har na ji an ce raƙumi ne. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya, iyakar abin da na gani. Inda ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba, kuma wuraren suna da ɗan yawa. Na jira sai da mai labarin ya dawo lafiya, matata ta nemar min izini, ya ce in rubuta amma kada in kama sunansa. Da ma ba zan kama ba. Zan ce masa Baba.

Ga wanda bai san ni ba, ni mutumin ƙasar Zazzau ne. Aiki ya kawo ni Gusau bayan na gama jami'a, ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, a nan kuma na auri Rabi, 'yar Tsafe. A shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi na sayi wata ƙaramar mota ta hannu, wadda kafin wannan tafiya ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ban san aikin inji ba. Abin da na sani shi ne abin da ke cikin ɗan littafin da ta zo da shi, wanda na karanta har ya fara yagewa.

Baba, mahaifin Rabi, ya sami kujerar hajji. A wajenmu 'yan'uwa ne ke zuwa yi wa maniyyaci bankwana. A nan kuwa, ko dai in ce a gidan su Rabi, don ban bincika ko'ina ba, mai tafiyar ne ke bin dangi gida-gida yana neman gafara. Aka ce ni zan ɗauke shi daga Tsafe zuwa 'Yankuzo, mu biyo ta Gusau mu wuce Bunguɗu, daga nan in kai shi sansanin alhazai a Sakkwato. Sharaɗi guda ne: ya isa kafin azahar ɗin Alhamis, in ba haka ba jirgi zai tashi ba shi.

"Ka dai san mutanenmu," in ji Rabi, tana sa min kaya a jaka. "In ya rasa jirgin nan, jikokinka ma sai an yi musu gori."

Hanyar Tsafe lafiya lau. Lokacin kaka ne, ko'ina amalanke da jakuna da dammunan dawa. Iyakar da na ƙetare ɗaya ce, shingen 'yan sanda a bayan gari, inda na miƙa takarduna duka tun ba a tambaye ni ba. Ɗan sandan ya dube su, ya dube ni, ya ce, "Malam, sannu kawai na yi niyyar yi maka."

Na tarar da ƙofar gidan Baba cike da masu sallama. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri, yadda ya kamata. Da na koma na ciro makulli zan kulle mota, sai na ji muryarsa.

"Mi kaka yi?"

"Kullewa zan yi, Baba."

"A ƙofar gidana? Maƙwabtana ɓarayi na ke nan?"

Na mayar da makulli aljihu. Daga ranar ban sake kulle motar a gaban gidan wani ba har muka gama tafiyar, ko da yake raina bai so ba.

Aka sauke ni a ɗakin zaure, aka kawo min hoce. Wanda bai san shi ba, wani abu ne da ake gasawa da garin dawa, mai kauri da ɗan tsami, wanda mutanen Zamfara ke maganarsa kamar ɗan'uwansu. Ban ce ba shi da daɗi ba. Na dai ce yana son haƙuri da ruwa a kusa. Ina cikin fama da shi ina jin hirar da ake yi a waje, wani Alhaji Dogo, wanda ya je bara, yana ba Baba labarin jirgi.

"Da kun shiga sai su jawo ƙofa su datse. A ɗaure ka da ɗamara a kujera. Ba fita, ba miƙe ƙafa, sai Jidda."

"Taga fa?" in ji Baba.

"Akwai, ƙarama kamar faifai. Amma ba ta buɗuwa."

Aka yi dariya, aka shiga wata hira.

Da safe na murɗa makulli, motar ta ce ƙyat, ta yi shiru. Na sake murɗawa, ko ƙyat ɗin ba ta maimaita ba. Na duba fitilun gaba ko na bar su a kunne, a kashe suke. Rediyo ma haka. Dattawan da suka fito daga masallaci suka kewaye ni. Wani ya ce sanyin duwatsun Tsafe ne, baƙuwar mota ba ta saba da shi ba. Wani ya ce tun da aka koma tuƙin hannun dama motoci ba su ƙara lafiya ba. Daga ƙarshe suka naɗe manyan riguna suka tura, Baba yana zaune a gaba ya sauke gilashi har ƙasa, yana ɗaga wa masu turawa hannu kamar su ne masu rakiya. Ta tashi a gangaren kasuwa.

A hanya na tsaya na buɗe inji, na bi abin da littafi ya ce. Ruwan batir yana nan ya rufe farantan ciki. Fambel, bel ɗin da ke juya dainamo, bai saki ba. Jar fitilar caji tana mutuwa da zarar inji ya tashi, alamar dainamo yana ba batir wuta ke nan, iyakar fahimtata. Muna isa 'Yankuzo na kashe ta na sake kunnawa, ta tashi tun ban gama murɗawa ba. Na ce wataƙila dattijon nan mai maganar sanyi yana da gaskiya.

Mai masaukinmu a 'Yankuzo Malam Bawa ne, aminin Baba tun suna yara, manomi mai shanun huɗa. Gidansa yana cikin rairayi, sai da na yi addu'a kafin na kai motar ƙofarsa. A nan na ga yadda ake ba baƙo fura. A gida ana kawo maka a ɗan kwano a bar ka da ita. A nan ƙwarya ce da za a iya yi wa jariri wanka a ciki, mai gida kuma yana zaune yana kallon ludayinka. Na sha har na daina jin maganar mutane sosai.

Da safe motar ko ƙyat ba ta ce ba. Aka taru aka tura, ƙafafunta suka nutse. A nan ne maganar shanu ta shigo, kuma ina so a gyara ta: ba su ja ni zuwa Gusau ba, ba su ma tayar da motar ba. Bijiman Malam Bawa biyu aka ɗaura wa igiya suka fitar da ita daga rairayi zuwa tudu, mutane suka ƙarasa. Abin da ya faru ke nan. Gaskiya ne ina zaune a ciki ina riƙe da sitiyari, gaskiya ne kuma ɗaya daga cikin bijiman ya yi abin da shanu ke yi a kan bonet.

Cikin masu kallo akwai wani makiyayi, Bello, wanda matarsa ke kawo wa gidan nono. Ya jingina da sandarsa ya ce, "Mu dai in saniya ta kwana da nono ta tashi babu, ba ma cewa ba ta da lafiya. Maraƙi muke nema." Kowa ya yi dariya. Baba ya yi tari, ya ce rana tana yi, mu kama hanya.

A Gusau na wuce kai tsaye wurin Garba, bakaniken da ke duba min mota. Ya auna ruwan batir da wata kwalba mai roba a kai, ya ce batir lafiyarsa lau. Ya wanke kawunan batirin da ruwan kanwa, saboda wani farin gari da ya taru a kansu. Sannan ya nuna min wata dabara: a kashe komai, a cire wayar kan batir ɗaya, a ɗan taɓa ta a wurinta. In ta yi tartsatsi, akwai abin da ke shan wuta a ɓoye. Ya taɓa, babu komai. Ya sake taɓawa, babu.

"To ni dai ban ga ɓarawon ba," in ji shi, yana sosa ƙeya da sifana. "Amma ka sani, batirin da ake ƙarar da shi ƙaf kullum, wata rana ko garin nan duka ya tura ba zai tashi ba."

Daren nan Baba bai kwana gidana ba. Uba ba ya kwana gidan 'yarsa, wannan kam mu da su duk ɗaya ne. Ya shigo ya sa wa Rabi albarka a tsaye, ya tafi gidan wani abokinsa a cikin gari. Da safe na murɗa makulli da bismillah, motar ta tashi kamar ba ita ba. Na koma wurin Garba takanas na yi masa godiya, muka haɗu a kan cewa kanwa ce ta gyara ta. Ya ce shi ma da ma ya yi zargin haka.

Bunguɗu ita ce zangon ƙarshe, kuma a nan za mu kwana biyu, gidan Gwaggo A'i, yayar Baba. Tsohuwa ce 'yar ƙarama mai kaifin ido, ita kaɗai na ga tana yi wa Baba magana kamar yaron da aka aika ya daɗe. Gidanta yana can gangare wajen gulbi, ta kowace fuska hawa ne. Tun kafin ya gama gaishe ta ta ce, "Kai kuma wa ya ƙona maka hula?" Na saci kallo, na ga wani ɗan zagaye ruwan ƙasa a saman farar hularsa. Ya ce wanki ne. Ta ce, "Wankin wuta?"

Washegari, Laraba, abin da Garba ya faɗa ya tabbata. Aka tura ta sama, ta gangaro, aka sake turawa. Masu turawa suka canza har sau nawa ban sani ba, wasu suka tafi gona suka dawo suka same mu. Sai bayan azahar wani direban babbar mota mai ɗaukar gyaɗa ya ji tausayina, ya jona waya daga batirinsa ta tashi. Ina tsaye ina lissafi a raina: in gobe ta yi haka, lokacin da za ta tashi jirgin ma ya tashi. Na ga kaina ina shiga Tsafe da Baba a gaban mota da jakarsa ta guzuri, mutane suna fitowa tarbar alhajin da bai je ba.

Na ɗauki motar ni kaɗai na yi ta tafiya a kan titin Gusau, na je na dawo, don batir ya sha wuta. Da la'asar na ajiye ta a gindin bishiya na zauna ina tunani. Ta mutu a Tsafe, ta mutu a 'Yankuzo, ta mutu a Bunguɗu. A Gusau kaɗai ta kwana da rai. Sanyi bai fi na Gusau ba a nan. Kanwar kuma tana nan, ban ga ta gudu ba.

Na ce bari in sake gwada dabarar Garba. Na ɗauko sifana daga ƙarƙashin kujera, na cire wayar, na taɓa. Ta yi ɗan tartsatsi. Na sake taɓawa, ta sake yi. Na zagaya ina neman abin da na bari a kunne, sai na ga ƙofar da na ɗauko sifana a buɗe take. Na rufe ta, na taɓa wayar, babu komai. Na buɗe, tartsatsi. Na yi haka har sai da na ji kunyar kaina, sannan na mayar da wayar, na leƙa ciki na ɗaga kai. 'Yar fitilar rufin mota, wadda ke kamawa in an buɗe ƙofa, tana ci, da rana ba mai lura da ita. A jikin murfinta akwai wani farin zare a maƙale. Kujerar gaba an tura ta baya, a ƙasa kuma ga ɓawon goro.

Ina nan tsaye da zaren a hannu Gwaggo A'i ta fito da kwanon kunu. Ta dubi zaren, ta dube ni.

"Ka gano maraƙin?" Ashe labarin Bello ya riga mu isowa.

"Ban ce na gano ba, Gwaggo. Wataƙila wani ne ya..."

"Wani wa? Da asuba na fito alwala na gan shi yana fitowa daga ciki, yana cire hula daga rufi kamar mai tsinkar mangwaro." Ta ajiye kwanon a kan bonet. "Zauna in gaya maka. Yana ƙarami ya faɗa rumbu neman gyaɗa, aka rufe ba a san yana ciki ba, sai da yamma aka ji kukansa. Tun daga ranar bai kwana a ɗaki da ƙofa a rufe ba. Ka tambayi uwar matarka sanyin da ta sha. Yanzu an ce masa za a datse shi a cikin ƙarfe har ƙasar Makka. To koyo yake yi. Yana shiga ya zauna a kujera, ya ce zai ja ƙofa, ya kasa. Fitila ta dame shi, yana tsoron a gani, sai ya kifa mata hula."

"Ya gaya miki?"

"Shi? Ya gaya wa wa? Ni na goya shi."

Na tambaye ta ko za ta yi masa magana. Ta ce ita in ta yi magana dariya za ta yi, in ta yi dariya kuma zai iya cewa ya fasa tafiyar, ta san halinsa. Ta ɗauki kwanonta, ta ce motar tawa ce, surukin ma nawa ne.

Na daɗe ina juya abin. In faɗa masa, ba zai yiwu ba. Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ta ina zan fara cewa na san yana jin tsoro? In kulle motar, na faɗa masa ke nan ba da baki ba, na kuma hana shi darensa na ƙarshe na koyo. In cire batirin in kai ɗakina, gobe garin zai ce na mayar da gidan Gwaggo gidan ɓarayi. In bar waya a cire, ya buɗe ƙofa ya ga duhu, ina jin duk ɗaya ne da abin da na yi daga baya, amma ina tsoron yawan cirewa da mayarwa ya sa kan batirin ya saki a hanya. Daga ƙarshe na sa farce na ɓalle murfin fitilar, na zare ɗan ƙwan, bai fi ƙwayar gyaɗa biyu ba, na mayar da murfin. Na buɗe ƙofa na gwada wayar, babu tartsatsi. Na naɗe ƙwan a hankici na sa a aljihu. Na kuma gyara kujerar yadda ya bar ta.

Ba zan ce na yi barci ba, amma ban leƙa ba.

Bayan sallar asuba dangi suka taru, maza har sun fara naɗe hannun riga. Aka sa jakar Baba da buhun guzurinsa a baya. Gwaggo ta ce masa ya yafe mata, ya ce ita ma ta yafe masa, ta ce za ta duba. Na shiga, na yi duk addu'ar da na sani, na murɗa. Ta tashi. Wani daga cikin masu shirin turawa har ya ɗan ji haushi.

Muka wuce gari da nisa. Iska tana shigowa ta tagar Baba kamar kullum. Can sai ya ce, yana kallon titi, "Malam."

"Na'am, Baba."

"Fitilar ga taka ta sama ta mutu."

"Ina jin ƙwan ne, Baba. Suna yin haka."

"Uhm." Ya ɓare goro ya daɗe yana tauna. "Ba a buƙace ta ba. Ƙofa in an rufe ta, ai fitila ba ta da aiki."

"Haka ne, Baba."

"Har asuba," in ji shi.

Ban san abin da ake cewa a nan ba, littafin motar ma bai faɗa ba, sai na ce Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Ya ce amin.

Saboda haka masu tambayata abin da ya gyara motar, gaskiya ba zan iya yanke hukunci ba. Na cire ƙwai, shi kuma ya rufe ƙofa, duk a dare ɗaya, ko wanne kuma ya isa shi kaɗai. Garba har yau yana kan kanwa. Abin da zan iya cewa kawai, in batirinka yana ƙarewa da dare alhali yana caji da rana, ka yi gwajin wayar nan da ƙofa a rufe, ka sake yi da ita a buɗe, sannan ka tambayi kanka wa ke kwana kusa da motar.

Mun kusa Talatar Mafara rana ta fara zafi. Sai na ji ƙarar hannun gilashi. Baba yana murɗa shi a hankali, yana tsayawa, yana ci gaba, har ya kai sama ya rufe ruf. Ya ɗora hannuwansa a gwiwa ya miƙe zaune. Jim kaɗan ya dubi tagata. Na rufe tawa ita ma.

Haka muka shiga Sakkwato da hantsi, gumi ya jiƙe mu sharkaf, kamar an tsamo mu daga gulbi. Jami'in da ke bakin sansanin ya leƙo ya ce, "Baba, gilashin ya lalace ne?"

"Lafiyarsa lau," in ji Baba. "Mu haka muke tafiya."